Ribar da Ke Cikin Baka Biyu

Shekarar da 'yata Hauwa ta fara sayen hannun jari a waya da kuɗin aikin hutunta, na rantse ni zan cike mata takardun haraji da kaina. Ni da na koyar da lissafi a Kano kafin in zo Bronx tuƙin tasi, wa zan biya?

Tana makaranta takardar kamfanin hannun jarin ta iso. Na ga manyan lambobi cikin baka biyu, na ce ai abu mai daraja ake killacewa haka. Na rubuta su duka a matsayin riba, na biya harajin daga aljihuna ina murmushi. Ran Juma'a har tsire na saya wa 'yan majalisarmu, ina cewa yarinya ta gaji ubanta.

Da ta dawo hutu ta duba, sai ta sunkuyar da kai.

"Baba, baka biyu asara ke nan. Kusan komai ya tafi. Kunyar faɗa maka na ji."

Wato na biya gwamnati tukuicin faɗuwar 'yata. Uwarta ta dai ɗauki waya ta shige ɗaki. Kafin la'asar labari ya kai har unguwar Flatbush, can ɗaya gefen birni.

An gyara takardun, suna kuwa ya zauna: Malam Baka Biyu. Yanzu ko gaisawa aka yi na ce lafiya lau, sai wani ya gyara zama ya ce, "Malam, a cikin baka ko a waje?"