Yallabai Yana Rawar Ɗari, Mu Muna Gasuwa

Jiya da hantsi takalmina na roba ya manne a kwalta, sai da na ɗaga ƙafa na bar rabinsa a titi. A haka na ƙarasa ofishin da ake kai kuka, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da abin da ya rage.

Abin da ya kai ni shi ne taransifomar layinmu, wadda ta yi tsawa ta mutu tun farkon zafin nan. Ni zan iya jurewa, amma Inna, tsohuwata, ta daina barci. Jiƙa zani take yi ta lulluɓa, kafin ta gyara kwanciya ya bushe. Fankar ɗakinta tana rataye a sama kamar hoton fanka. Maƙwabcina tela ne ya zuga ni. Ya ce, "Kai da kake karanta duk takardar da aka ƙunso maka sabulu a ciki, je ka yi musu Turancin nan naka." Na ce ban yi makaranta ba. Ya ce, "Su da suka yi, me suka gyara?"

A barandar ofishin mun yi layi, gumi yana bin bayanmu har cikin wando. Da aka kira ni, na tura ƙofar Mai Girma Babban Mai Sa Hannu, sai wani sanyi ya mare ni, haƙorana suka fara gaisawa da juna. Ga Yallabai can a bayan tebur, da kwat a kan rigar sanyi, wuya a naɗe da mayafi, hanci ja. A ƙarƙashin tebur kuwa, kusa da safarsa, wata 'yar na'urar ɗumama ɗaki ce take ci jawur. A bango kuma na'urar sanyaya ɗaki tana ta huci. Janareta ɗaya ke ciyar da su biyun, mai sanyin da mai zafin, suna ta dambe a kan kuɗin jama'a.

Zan rufe ƙofa, ya ɗaga hannu. "A'a, malam, bar ta a buɗe. Tsaya daga nan, ina jin ka."

Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata ko kujera ban isa a ba ni ba. Amma na zayyana kukana. Abin mamaki, sai ya yi ta jan zancen. Shekarun Inna nawa? Wace irin ƙara taransifomar ta yi? In maimaita ƙarar. Na maimaita. Ban taɓa ganin babban mutum mai son talaka haka ba. Daga ƙarshe ya ce za a kafa kwamiti, kuma in dawo duk lokacin da na ga dama.

A waje na ce da dattijon masinjansa, "Baba, mutumin nan waliyyi ne. To amma me ya hana shi kashe na'urar sanyin, tunda tana neman ransa?"

Ya dube ni kamar na zagi wani. "Ya kashe? Ɗana, a gidan nan da sanyi ake gane girma. Mataimakinsa na can ya ƙure tasa. Ranar da ofishin ƙarami ya fi na babba sanyi, washegari za a ce an rage wa Yallabai muƙami. Shi ya sa yake son baƙo irinka. In kana bakin ƙofa, zafin baranda na shigar masa, ba wanda zai ce shi ya nema."

Ashe ba kukana yake saurare ba, ɗumi yake sha da ni.

Na taho ina juya abin a raina, don ni mutum ne da ƙaramin abu ke hana ni sakewa. Wa ya fi cancantar tausayi, wanda zafi ya kama da ƙarfi, ko wanda ya ɗaure kansa a cikin sanyi don kada a raina shi? Kuma sanyin nan da ke tsiyaya ta ƙofa ya lalace a banza, na wane ne? In talaka ya tara jikinsa ya ɗiba, sata ya yi, ko kayansa ya karɓa?

Ban gama warwarewa ba gari ya waye. Yau na ɗauki Inna a bayan babur, na ce ta zo ta kai kukanta da bakinta. Yallabai ya yi murna ƙwarai, ya sa aka ajiye mata kujera daidai bakin ƙofa, ƙofar a wangale. Ta fara, "Ɗan nan, wutarmu ce," ba ta kai ƙarshe ba kanta ya langaɓe. Barci take yi har da minshari, irin wanda rabona da in ji tun kafin taransifoma ta mutu. Shi kuma ya kwance mayafin wuyansa, ya ce kada wanda ya kuskura ya tashe ta, gwamnati tana sauraren koken tsofaffi.

Da muka dawo, tela ya tare mu. "Yaya, an samu wutar?"

Inna ta ce, "Kai, rufa mana baki. Yaron kirki ne, sai dai ba ya samun rana." Ta juyo gare ni. "Gobe ka zo da wuri, kuma ka ɗauko mini matashin kai."

To jama'a, ga inda muke. Taransifoma tana nan a mace, kuma yanzu na san ba za a gyara ta da wuri ba, don duk ranar da fankar Inna ta juya, Yallabai ya rasa mai riƙe masa ƙofa. Tela ma ya ce tsohonsa yana da koke. Na ce ya bi layi, mu muka fara kawo namu.