Yadda Za Ka Tashi Aiki Ƙarfe Uku, Ka Bar Hularka Ta Kai Biyar

Ɗan'uwa, idan aikin raba wasiƙu kake yi, kuma har yau kana zama sai biyar ta cika cif, to ka yi haƙuri in gaya maka: ba a koya maka aikin ba. Ni Kalilu, wata goma sha ɗaya na yi a ɗakin wasiƙun jami'armu a nan Kuala Lumpur, irin aikin nan da ake ba ɗaliban digiri na uku su rage zafi, kuma a tsawon lokacin nan ban san kamannin ɗakin da ƙarfe huɗu ba. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na ba ka tabbaci, kafin mako ya zagayo za ka riƙa isa unguwarmu Taman Melati rana na sama, ka sami kujera a jirgi, ka sami kujera a shagon mamak, wato mai shayin garin nan, shayinka ya iso kafin cunkoso.

Mataki na ɗaya: San waɗanda za ka ɓace wa

Mutum biyu ne kawai a gabanka. Ta farko shugabar ɗaki. Tamu sunanta Puan Khaulah, shekara ashirin da biyu tana wannan aiki, tabarau rataye a wuya da igiya, takalminta na roba ba ya ƙara. Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya. Shugaba mai ihu ba abin tsoro ba ne, tun daga bene kake jin tahowarsa. Wadda za ka juyo ka gan ta tsaye a bayanka tana murmushi, ita ce za ka haddace jadawalin taronta fiye da yadda ka haddace babin farko na kundinka.

Na biyu abokin aiki. Nawa Adnan ne, ɗan ƙasa, uban 'ya'ya huɗu, shi ke karɓar buhuna ya buga hatimin lokaci a kan duk wasiƙa mai rajista. Nemo abin da yake so. Adnan kilishi ne ya kama shi. Ranar farko ya ci yana hawaye yana shan ruwa, washegari ya tambaye ni ko akwai saura. Daga ranar shi ke buga mini katina na tashi daga aiki, bai sake kuskuren ƙarfe biyar ba, ko ina Bukit Bintang ina kallon takalman da ba zan saya ba.

Mataki na biyu: Sayi hula biyu iri ɗaya

Wannan shi ne ginshiƙin sana'ar, saboda haka ka natsu.

Wata guda cur kada wani ya ga tsakiyar kanka. Da hula za ka shiga, da ita za ka ɗauki buhu, da ita za ka tsaya a rana. In an tambaye ka, ka ce a garinmu namiji ba ya fita kai babu hula, ka faɗe shi da fuskar mai ba da darasi. Za su gyaɗa kai cikin girmamawa, don mutanen nan suna mutunta al'adar baƙo.

Bayan wata guda, sai ka cire hular ka kife ta a kan tebur, kusa da rabin kofin shayi da biro a buɗe. Ta biyun tana cikin jaka, sai ka wuce ƙofa za ka sa. Duk wanda ya leƙo ya ga hular zai ce, “Kalilu yana kusa, ga hularsa nan.” Tawa zanna ce mai ruwan toka, kuma na rantse ta fi ni zuwa aiki.

Mataki na uku: Tanadi uzuri, amma zaɓaɓɓe

Kada ka ce salla za ka. Wannan dabarar a wata ƙasar take ci. A nan masallacin ma'aikata yana jikin bangon ɗakin, la'asar kuma sai bayan huɗu, sannan Adnan zai ce tsaya mu tafi tare, ƙarshe ma a tura ka limanci.

Ruwan sama ya fi. Garin nan kusan kullum da yamma sai hadari ya haɗu, don haka uzuri ne da ba ya ƙarewa. Leƙa taga, ka yi tsaki, ka ce ka bar shanya a waje. In rana ta ƙwalle babu ko gajimare, ka ce malamin da ke duba kundinka ya kira ka. Duk wanda ya taɓa zama kusa da ɗalibin digiri na uku zai tausaya maka, har ya ce ka yi sauri.

Mataki na huɗu: Iya sallamar masu zuwa tambaya

A kowane ɗakin wasiƙu akwai mutum guda da ke zuwa kullum. Namu Malam Yusha'u ne, malamin kimiyyar ƙasa daga gida, ya haura hamsin, gwamnati ta turo shi karatu. Shekara biyu rabonsa da matarsa Rabi da 'yarsu Zuhra, wadda ya bari tana rarrafe. Duk takardun bizarsu sun haɗu a ofishin biza na jami'a, sai guda ɗaya: ainihin takardar shaidar aure mai hatimi, da aka aiko daga Kano cikin ambulan mai rajista. Ofishin ya ba shi wa'adi, Juma'a ƙarfe biyar. In ta wuce, sai zagaye na gaba, bayan wata huɗu.

Kullum ƙarfe sha ɗaya zai tsaya a kanta, ya yi sallama, ya gaishe ni kamar ni ne babba.

“Ƙanina, ya iso?”

“Bai iso ba, Malam. Amma tracking ya nuna ya shigo Malaysia.”

“Alhamdu lillahi. To don Allah ka sa mini ido. Kai ne namu a nan.”

Ka lura da wannan kalma, namu. Za ka ji daɗinta, kuma tana da amfani, don mutumin da ya ɗauke ka nasa ba ya bincikar maganarka. Ka ce masa da ya iso kai da kanka za ka buga masa waya. Faɗar hakan ba ta cin ko minti ɗaya.

Mataki na biyar: Buhun ƙarshe ba naka ba ne

Motar ƙarshe tana isowa huɗu saura kwata. Kada ka taɓa yarda ta same ka. Adnan zai karɓa, ya buga hatimi, ya zuba na ƙasashen waje a tirenka, tunda kai ke iya karanta sunayenmu ka san wane ne wane. Gobe ka raba. In Juma'a ce, Litinin ka raba. Takarda ba ta rubewa, ba ta kuka, ba ta kai ƙara wajen Puan Khaulah.

Mataki na shida: In ka fito, kada ka tsaya gaisuwa

To, nan ne Bahaushe yake faɗuwa. Ɗan China in zai sulale, kansa a ƙasa har jirgi. Ɗan Malay ya ɗaga maka hannu daga kan babur ya wuce. Mu kuwa ba mu iya wuce babba ba. Ƙafarka ce ma za ta tsaya da kanta.

Ranar Juma'ar wa'adin, Puan Khaulah tana taro. Uku da minti ashirin na kife hula, na sa ta biyu, na fice. Ina isowa bakin babbar ƙofa sai ga Malam Yusha'u yana haurowa, riga jiƙe da gumi, fayil a hammata. Da ina da hankali da na shige bayan motar bas. Sai na tsinci kaina na rusuna.

Muka gaisa. Ya aiki, ya karatu, ya mutanen gida, ya jikin Umma, an ji daga Kano kuwa, ya zafin garin nan. Ya tambayi kundina, na tambayi nasa. Muna cikin haka farar motar wasiƙu ta shige ta gefenmu, har direban ya yi mini hon.

“Wajenku za ni,” in ji Malam. “Na ce bari in sake dubawa kafin biyar.”

In ya ƙarasa, zai tarar da hula babu mai ita, ya tambayi Adnan, magana ta kai kunnen Puan. Lissafin da na yi ke nan, a cikin daƙiƙa biyu.

“Malam, kada ka wahalar da kanka da hawan tudun nan. Yanzun nan na duba, babu. Ni ma aike na aka yi.”

Ya dubi tudun, ya dube ni. “To shi ke nan, tunda ka duba. Allah ya sa haka ne mafi alheri.” Ya juya muka gangara tare. Shi ya biya mini kuɗin bas.

Mataki na bakwai: In an kira ka ofis, shiga da fuskar mamaki

Litinin da safe hulata ba ta kan tebur. Adnan bai yarda mun haɗa ido ba, sai ya nuna mini ƙofar Puan da haɓa.

Na shiga da fuskar mamaki, kamar yadda nake ba ka shawara. A gabanta abu uku ne a jere: hulata, katina, da ambulan ruwan ƙasa mai tambarin Najeriya. A jikinsa hatimin Adnan, shuɗi, raɗau: Juma'a, uku da minti arba'in da biyar. Daga kantarmu zuwa ofishin biza tafiyar minti goma ce, ko da ɗingishi.

“Zauna, Kalilu,” ta ce. “Hularka ta kai biyar ranar Juma'a. Kullum tana kaiwa. Ita ba ni da matsala da ita.”

Na fara zancen malamin kundi. Ta ɗaga hannu.

“Tun wata na uku na sani. Mai hula ɗaya ba ya dawowa da safe da hula a kansa alhali wata tana kan tebur. Na yi shiru ne ina jira ka gaji.” Ta turo mini takardar gargaɗi na sa hannu. Ta ce Adnan ma ya sa hannu a tasa, ta farko a shekara tara, kuma wannan ta fi tawa yi mini ciwo. “Ba zan kore ka ba. Amma ambulan ɗin nan ba za a sa shi a akwati ba, ba za a buga waya ba. Kai za ka kai masa, hannu da hannu, yau. Boleh?”

Boleh na nufin za ka iya. A bakin Puan Khaulah ba tambaya ba ce.

Mataki na takwas: Kai saƙon

A kan wannan mataki ba ni da dabara. Na nema a jirgi tun daga tasha har Taman Melati, ban samu ba. Na gwada kankare hatimin da farce, na ji kunyar kaina, na bari.

Malam yana hawa na tara. Ya buɗe ƙofa da fara'a, ya ga ambulan, ya karɓa da hannu biyu yana hamdala. Falon a share yake tas. A lungu ga ƙaramar katifa sabuwa ko ledarta ba a cire ba, ga labule mai furanni da ya yanko a Jalan Tuanku Abdul Rahman, a bakin ƙofa kuma takalmin yarinya ja, ɗan mitsitsi, an ajiye shi kusa da nasa. Ya ce da ƙiyasi ya saya, Rabi ta auna ƙafar da zare ta turo masa hoto.

Sai ya juya ambulan ya ga hatimin. Malamin kimiyya ne, ba ya karanta lamba sau biyu, amma wannan sai da ya karanta sau uku.

“Kalilu, ƙarfe nawa muka haɗu ranar Juma'a?”

“Wajen uku da rabi, Malam. Ban duba ba. Guduwa nake yi daga aiki. Ƙarya na yi maka.”

Na so ya zage ni, wallahi na so. Sai ya ajiye ambulan a kan fayil, ya shiga kicin ya fito da faranti biyu.

“Zauna. Na yi tapau, na ƙunso shinkafa daga shago, ta yi mini yawa.”

Muka ci. Ban taɓa cin abincin da ya ƙi wucewa irin wannan ba. Da zan tafi ya rako ni ƙofa, ya sunkuya ya ɗauki jan takalmin, ya jujjuya shi a tafin hannunsa.

“Nan da wata huɗu ba zai shige ta ba,” ya ce. “In ka san mai ƙaramar yarinya, ka kai masa.”

Ya miƙo mini. Na karɓa, don ba a mayar da hannun babba.

Sanarwar wanke kai

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin sa: takardar gargaɗi, ɓacin ran abokin aiki mai 'ya'ya huɗu, asarar kilishi, ko kallon da dattijo zai yi maka a hawa na tara. Matakan suna aiki, na gwada su wata goma sha ɗaya, ban janye ko ɗaya ba. Mai ƙorafi ya same ni a ɗakin wasiƙu, kowace rana har biyar da kwata, don sai na ga ƙasan buhun ƙarshe nake tashi. Za ka gane teburina cikin sauƙi. Babu hula a kai, sai ɗan jan takalmin nan da har yau ban iya ba kowa ba.