Filin Nomau a Layin Masu Tukwane

A bakin kasuwar Kwanar Gawo, layin masu tukwane, akwai wani bawan Allah wai shi Nomau. Ba shi da mugunta ko ta ƙwayar zarra, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ko da zai kai shi rami. Duk duniya abin da ya mallaka ɗan filin da ubansa ya bar masa ne: rumfar tukwane a gaba, ɗaki ɗaya a baya, inda yake zaune da matarsa Kuluwa da 'ya'yansu biyu. In filin nan ya tafi, ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu.

Wata rana ma'aikatan ƙaramar hukuma suka zo. Babbansu ya leƙa ɗakin, ya ce, "Nan kasuwa ce, ba unguwa ba. Kada mu sake ganin wani abu a filin nan in ba na sayarwa ba." Nomau ya ce to. Kuluwa ta dawo daga ɗibar ruwa ta tarar gado ya tafi, turmi ya tafi, ana cikin taya tukunyar miyarta. Ta ɗora hannu a ka. Ya ce, "Ke ma ki ɗan koma gefe da yaran nan, kada a taya ku."

Wata rana kuma sai ga mutanen gwamnatin jiha. Suka ce gidaje sun yi kaɗan a ƙasa, don haka kowane shago a ɗora masa ɗakin kwana a sama, ko a ƙwace filin. Maƙwabta suka ce sun ji, suka ci gaba da harkarsu. Nomau kuwa ya kwaɓa ƙasa, ya hau rufin rumfa, ya shiga jera tubali a kan kwano. Gini bai kai ƙugu ba rumfa ta durƙushe a kan tukwane. Ko murfi bai tsira ba.

Wata rana ƙaramar hukuma ta dawo a fusace, wai ita ke da iko da kasuwa, wa ya ba da izinin gini? Suka shafa wa bangon ɗakinsa jan fenti, suka ce a rushe. Kafin la'asar Nomau ya rushe da hannunsa. Jiha ta zo ta ce a mayar, ya mayar. Haka aka yi ta yi, ya gina ya rushe, har ƙasar ta gaji ta daina kamawa.

Kuluwa ta ce, "Malam, faɗansu suke yi fa. Duk layin nan kai kaɗai ke jin maganarsu."

Ya ce, "To wa zan ƙi? Duka hukuma ne."

Abin ya wuce dariya, ya zama abin tausayi.

Wata rana ɓangarorin biyu suka zo tare, suka ce magana ta tafi kotu. "Kada a ƙara ko tubali ɗaya. Ku jira mu a nan, za mu dawo." Ciniki ya mutu, maƙwabta suka watse neman abinci. Kuluwa ta kwashe yara ta koma gidan wanta. Nomau ya shimfiɗa buhu a tsakiyar kufai ya zauna jira. Damina ta ƙare a kansa, ya rame har ƙasusuwan wuyansa suka fito, ana wucewa ana nuna shi.

Can sai hukumomin suka shirya a junansu. Suka ce masu layin sun bar shi da kansu, suka miƙa shi ga wani ɗan kwangila, ya tayar da bene, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama, hayar da ba mai tukwanen da zai iya biya. Filin Nomau ne kaɗai bai taɓu ba, don mai shi yana zaune a kai, kowa shaida ne. Masu wayo duk suka tashi a tutar babu.

Kuluwa ta dawo da yaran. Ta dubi ɗan filin, ga shi matse tsakanin dogayen gine-gine, ba bango, ba inuwa, amma nasu ne. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Tashi mu sa rufi."

Nomau ya gyara zama a kan buhunsa, ya ce, "Ai ba su dawo ba tukuna."