Nomau da Iya Kande Mai Daddawa

A ƙauyen Rafin Ɗorawa akwai wani magidanci, Nomau, shi da matarsa Lantana da tumaki biyu. Mutumin kirki ne, sai dai in ka ce ya tsaya bakin ƙofa, ka tuna ka sallame shi, don can zai yi azahar. Da aka buɗe ajin ɗaukar tarihin abincin gargajiya daga bakin tsofaffi, Lantana ta tura shi ko ta huta. Malama Hasiya mai koyar da ajin ta ba kowa rikoda, ta ce wanda bai kawo hira ba ran Alhamis, babu takardar shaida. Nomau kuwa ba abin da yake so a duniya kamar takarda mai sunansa. Aka haɗa shi da Iya Kande mai daddawa, wadda ta riga ta kori ɗalibai uku.

Wata rana Malama ta ce, "Duk wanda muryarsa za ta shiga, a nemi izininsa." Da Nomau ya je gidan Iya, ta ce ta yarda. Kafin a fara, zakara ya yi cara. Nomau ya durƙusa gabansa.

"Kai fa, ka amince?"

Zakara ya haura katanga. Nomau ya bi shi gida-gida har rana ta faɗi.

Wata rana kuma Malama ta ce, "Kada ku katse tsoho yana magana." Iya na fara bayani, akuya ta tsoma kai cikin ƙwaryar kalwa a bayanta. Nomau na kallo, gumi na zuba, bai ce uffan ba.

"Ɗan nan, kana gani ka ƙyale ta?"

"Ai ba ki gama ba, Iya."

Da muciya ta raka shi zaure.

Ran Laraba Malama ta ce, "In tsoho ya yi shiru, ku ma ku yi shiru ku jira." Iya kuwa ta ƙudurta ba za ta sake tanka masa ba. Nomau ya kunna rikoda ya zauna. Tun hantsi har azahar ba wanda ya motsa baki. Can tsohuwa ta gaji.

"Kai, ka ma san dalilin sa toka a turmi?"

Shi ke nan, baki ya buɗe.

Ran Alhamis ɗalibai suka yi ta bayyana darasin da suka koya, kowa da hirarsa ta minti biyar. Aka sa ta Nomau: dafa kalwa, surfe, rufi kwana uku, waƙar daka ta kakar Iya, shekarar yunwa da daddawa da kuka suka riƙe gari. A ƙarshe muryar Iya ta ce, "Shekara sittin ba wanda ya bari na kai ƙarshen magana. Gobe ka dawo, ɗana, da saura."

Malama ta goge ido, ta miƙa masa takarda. Ɗalibai suka yanyame shi.

"Don Allah wace tambaya ka yi mata?"

Nomau ya rungume takardarsa, bakinsa har kunne. "Wallahi ban kai ga tambayar ba tukuna."