Ranar da Inna Ta Shanya Fayafayan Baba Maiwada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai cike da maganar da ba ta faɗuwa, Malam Sada na sashen gona a sakatariyar Ikara yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda labarin zai yi wa daɗi, rasuwar fayafayan garmahonsa baki ɗaya. Sun rasu rana ɗaya, a tsakar gida ɗaya, tsakanin hantsi da la'asar, bayan 'yar gajeriyar rashin lafiya da magani mai ƙarfin gaske.

Marigayan ba haifaffun Ikara ba ne. A Makarfi suka girma, a gidan Baba Maiwada, tsohon direban babbar mota da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana dakon rake da mazarƙwaila zuwa kudu. Abokan aikinsa in sun dawo tafiya sai ka gan su da atamfa da agogo, shi kuwa faifai yake rungumowa. Akwai na masu kukuma da na masu goge, akwai na kalangu, akwai na Indiya, akwai kuma na mutanen Kwango waɗanda har yau ba a sami wanda ya san abin da suke cewa ba, amma ba a taɓa sa su ƙafar mutum ta zauna lafiya ba. Haka ya yi ta tara su har suka cika ɗakin da ke bakin titi.

To, tsufa ya zo. Ido ya tafi, uwargidansa Hajiya Zubaida ta riga shi gidan gaskiya, babban ɗansa Safiyanu kuma ya duba ya ga ɗakin nan na bakin titi ba abin da ya dace da shi kamar shagon cajin waya. Sai aka ɗura marigayan a buhunan taki aka jibge su a zaure, cikin girmamawa irin ta 'ya'yan zamani. Malam Sada ya ji labari a kasuwa, ya tafi da niyyar saye. Tsohon ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, “Kuɗi kuma, ɗana? Me zan yi da su, ga likkafanina can a akwati? Kwashe su duka. Amma duk ranar kasuwa ka ɗauko guda ɗaya ka zo ka sa min in ji. Kuɗinsu ke nan.”

A kan wannan aka yi ciniki, kuma Malam Sada bai taɓa saɓawa ba. Duk ranar kasuwar Makarfi zai ɗaure garmaho da batir a bayan mashin, ya sa faifai a cikin riga kamar mai ɗauke da jariri, ya kama hanya. A zauren nan, shi kaɗai ne mutumin da zamansa yake wuce tsawon gaisuwa. Sauran jama'a, har da na cikin gida, sukan jefa sallama ne daga bakin ƙofa su wuce.

Duk wanda ya zauna da marigayan zai yi musu kyakkyawar shaida. Ba su taɓa neman data ba, ba su taɓa cewa babu sabis ba, ba su taɓa tsayawa a tsakiyar waƙa don su tallata wa mutum maganin basir ba. Suna da ladabi irin na mutanen da. Ba sa fara magana sai sun yi gyaran murya, ƙas, ƙas, ƙas, shhh, sannan kiɗa ya shigo a hankali. Gaskiya akwai guda ɗaya mai tabo a jiki wanda in ya kama baiti ɗaya ba ya saki sai an ture shi da yatsa, amma Malam Sada yana aiki da masu irin wannan hali a ofis, kuma su ko an ture su ba sa wucewa. A cikinsu duka Baba Maiwada ya fi son na wata zabiya mai zaƙin murya. Ya ce in aka sa shi a da, Hajiya Zubaida takan ajiye taɓarya ta tsaya har ya ƙare, tuwon dare ya yi latti, shi kuma bai taɓa yin ƙorafi ba.

Ciwon ajali ya faro ne daga daminar bana. Bangon ɗakin da suke ciki a gidan Malam Sada ya sha ruwa, fumfuna ta ɗan hau kwalayensu, ta taɓa kaɗan daga cikinsu. Abu ne da tsumma mai laushi zai share, kuma Malam Sada ya gani, ya ce sai Asabar. Kafin Asabar sai ga mahaifiyarsa, Inna Mairama, ta zo daga Janfalan ganin jikoki.

Dole a yi wa Inna adalci a wannan sanarwa. A duk Janfalan babu mai shanya kamarta. Barkononta ba ya baƙi, kuɓewarta ba ta ruɓa, kauɗar tumatirinta kuwa daga wasu ƙauyuka ake aiko a saya. A wurinta babu cutar da rana ba ta warkarwa. Katifa ta yi wari, rana. Masara ta yi ƙwari, rana. Jika yana mura, a fitar da shi rana. Ba ta taɓa gwada wannan magani ya ba ta kunya ba, don haka babu dalilin da zai sa ta yi shakkarsa ranar da Malam Sada ya tafi ɗaurin aure ƙauyen Taba, ita kuma hancinta ya kai ta ɗakin marigayan.

Ba ta yi ƙyuya ba, Allah Ya sani. Ta fito da su ɗaya bayan ɗaya, ta tuɓe musu kwalaye, ta wanke kowanne da ruwan ɗumi da soso da sabulu, irin wankin da ko kwanon baƙo ba ya samu. Ta shimfiɗa tamfol a kan siminti, ta jera su sahu-sahu a inda inuwa ba ta zuwa. Ranar ƙarshen damina ce, irin wadda manomi yake roƙo in ya yanke barkono. Ta ɗauko kujera da sanda ta zauna gadi, ko kaza ba ta bari ta gitta ba. Da azahar ta yi, ta bi su ta juya kowanne, don kada a zalunci ɗaya gefen. Da ta ga bakinsu ya fara lanƙwashewa sama, sai murna ta kama ta, don duk mai shanya ya san tumatir ba ya naɗewa sai ruwan jikinsa ya fara fita.

Ana iya tambaya, ina matar gidan take? Tana nan. Ummulhairi ta san rana ajalinsu ce, don mijinta ya faɗa mata har ta haddace. Amma wace suruka ce za ta dubi uwar mijinta ta ce ba haka ake yi ba? Iyakar abin da kunya ta bar ta ta faɗa shi ne, “Inna, ko a ɗan matsar da su inuwa?”

Inna ta ce, “Ai inuwar ce ta sa musu ciwon, 'yar nan. Miƙo min na cikin kwandon can.”

Ta miƙa, da hannu biyu, tana rusunawa. Masu sanarwa ba su zargin kowa da komai. Sun dai lura cewa washegari da safe an ga Ummulhairi a ɗakin marigayan tana auna inda keken ɗinki zai zauna.

Da la'asar Malam Sada ya dawo, ya jingine mashin, ya shigo da sallama, sallamar ta maƙale a rabi. Ga su nan shimfiɗe daga bakin rijiya har ƙofar kicin, baƙi wuluk, suna sheƙi, wasu sun koma kamar malafa, wasu kamar kasko. Tsafta kam ba su taɓa yin irinta ba tunda aka ƙera su. Inna ta taso tana gyara ɗaurin zane, fuskarta cike da annurin wanda ya yi aikin lada.

Ta ce, “Ka ga yadda suka bushe ƙayau? Kai ɗan nan, ba a barin kaya da danshi. Da ban zo ba ai da ka yi asara.”

A nan ne Malam Sada ya nuna cewa an ba shi tarbiyya. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, “Sannu da aiki, Inna. Allah Ya saka da alheri.”

Ta ce, “Amin. Allah Ya yi maka albarka. Gobe sai a fito da katifarka.”

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya yi kuka, kuka na gaske, da gemunsa da komai. Da wani ne ya yi wannan aiki, da an ji su har ofishin 'yan sanda. Amma uwa ce, kuma don ƙauna ta yi, garin neman gira aka rasa ido, babu wanda za a kai ƙara.

An yi iya ƙoƙari wajen ceto rayuwarsu. An danne wasu a ƙarƙashin buhunan masara har kwanaki, da aka ɗaga suka koma yadda suke, kamar ba da su ake ba. An kai guda biyu wurin mai guga, ya rufa musu zane ya bi da dutsen gawayi, waɗannan su ne suka mutu sau biyu. Mai gyaran rediyo na bakin tasha ya ɗaga ɗaya ya duba ta gefe, ya ajiye, ya ce sai haƙuri.

Sun rasu sun bar garmaho guda ɗaya cikin ƙoshin lafiya, yana ta juyawa babu abin ɗorawa. Sun bar allura sabuwa fil da aka yi oda daga Kano ba a ko buɗe ta ba. Sun bar kwalayensu, waɗanda su ma Inna ta shanya, kuma abin haushi su rana ta karɓe su, sun fito garau, mawaƙan da ke jiki suna ta murmushi kamar ba a yi komai ba. Sai kuma tsoho ɗaya a Makarfi, wanda shi ne ainihin maraya.

Shi ne abin da ya hana Malam Sada barci. Ya yi tunanin ya aika a ce mashin ya lalace, ya ga ƙaryar ba za ta wuce mako biyu ba. Da ranar kasuwa ta zo sai ya ɗauki na zabiyar nan, wanda ya fi sauran dama-dama, ya tafi. Suka gaisa, aka tambayi gida da aiki da gajiya da mutanen Janfalan. Ya haɗa batir, ya ɗora faifai. Allura ta riƙa hawa tana gangarowa, muryar da take miƙewa sambal a da ta koma wuuu, waaa, wuuu, tana rawa, tana ja da baya. Tsohon bai motsa ba har aka kai ƙarshe.

Ya ce, “Sada, me ya sami muryarta?”

Malam Sada ya kwashe labari ya faɗa masa, bai rage komai ba. Baba Maiwada ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, “Lallai gyatumarka ta iya shanya.” Da tarin ya lafa sai ya ce, “To, zabiyar ma ta tsufa ke nan. Sauran fa?”

“Sun tafi, Baba. Duka.”

Tsohon ya lalubi sandarsa ya jawo ta kusa, ko da yake ba tashi zai yi ba. Ya ce, “To shi ke nan, ciniki ya ƙare. Ka huta da zuwa, ɗana. Hanya da nisa, ga tsadar mai.” Ya faɗe shi da sauƙi, don kada ya ɗora wa kowa nauyi, kuma wannan ya fi ganin shanyar Inna ciwo. Malam Sada ya naɗe wayoyin garmahonsa ya dawo Ikara.

Dangane da jana'iza, ba za a yi wa marigayan salla ba, don ko suna raye ba su taɓa shiri da liman ba. Ba kuma za a binne su ba. Inna ta ce ba a zubar da abu mai sheƙi haka, ta riga ta tafi da buhu guda Janfalan, inda za a huda su a rataye a gonar dawa su riƙa korar tsuntsu. Ana roƙon jama'a da babbar murya kada kowa ya je yi mata gaisuwa, don har yanzu ba ta san an yi mutuwa ba, kuma duk wanda ya faɗa mata, Malam Sada bai yafe ba.

Zaman makoki kuwa ba na kwana uku ba ne, ba na bakwai ba. Za a riƙa yin sa duk ranar kasuwa bayan azahar, a zauren Baba Maiwada da ke Makarfi, har illa ma sha Allahu. Malam Sada zai kasance a wurin, ko an ce ya huta ko ba a ce ba, tunda mai makoki ba a korarsa. Ana gayyatar kowa, musamman Malam Safiyanu, wanda aka tabbatar ba sai ya hau mashin ba daga shagonsa zuwa zauren. Ba a buƙatar kowa ya zo da goro ko dabino. A zo dai a zauna. Akwai tabarma babba a jingine bayan ƙofa, ta daɗe ba a shimfiɗa ta ba.