Ranar da Na Kunna wa Surukina Fim

Surukina, Alhaji Ma'azu, ya zo birnin Guangzhou na ƙasar Caina daga Maraɗi sarin tufafi. Ranar da ruwan sama ya hana mu fita kasuwa, muna zaune a masaukinsa na unguwar Liuhua, shirun ya yi mini nauyi. Sai na ga talabijin za ta nuna fim ɗin da aka sabunta daga wani tsohon wasan kwaikwayo na mai shan jinin mutane, wanda na sha kallo ina yaro.

"Baba, wannan na san shi ciki da bai," na ce. "Rigimar gado ce kawai, kowa da sutura har wuya."

Ashe masu sabon fim ɗin ba su ga amfanin suturar ba. Mai shan jinin na fitowa daga akwatin gawa ya rungumi wata mata, ya kafa baki a wuyanta. Na wawuri rimot, duk rubutun Caina ne, na danna. Sauti ya ƙaru.

Alhaji ya miƙe a hankali, ya ɗauki buta. "Bari in sabunta alwala," ya ce, ko dubana bai yi ba.

Bai taɓa yi mini faɗa ba. Amma har yau, in na yi sallama a gidansa, sai ya ɗaga murya: "Yara, ku kashe talabijin, mai rigimar gado ya iso."