Motar da Ba Ta da Ta Biyu a Duniya

"Ku kawo mini hoton mota, ko da gefen fitilarta kaɗai ya fito, in faɗa muku sunanta, da shekarar da aka ƙera ta, da garin da aka ƙera ta, har da abin da maƙerin ya karya kumallo da shi a ranar. Daga nan zuwa Landan, in aka cire wasu Turawa biyu da tsufa ya ci ƙarfinsu, babu mahaluƙin da ya kai ni sanin motocin da aka yi kafin yaƙin Hitila."

Mai wannan magana shi ne Malam Balarabe, mazaunin Birnin Kudu, ɗan asalin Gwaram, wanda abokan zamansa na gindin darbejiya suke kira Farfesan Taya. Mai karatu, kada ka zaci direba ne ko makanike. Balarabe bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ko a babur aka goya shi, ƙanƙame ɗan acaɓa yake yi yana salati har a sauke shi. Iliminsa kaf daga wuri biyu ya fito: zaman da ya yi a wani shagon kayan gyaran mota a Kano, inda babban aikinsa shi ne kaɗe ƙura, da kuma wani zaure na wayar hannu inda tsofaffin Turawa suke musu a kan hotunan motocin kakanninsu. A zamaninmu, kafin a kira mutum masani sai ya sha bulala ya ci jarrabawa. Shi kuwa gilashin ƙara girman rubutu ya saya a kasuwa, ya ɗaura masa igiya ya rataya a wuya, shi ke nan ya gama karatu.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Ƙungiyar 'yan asalin yankinsu za ta naɗa shugaban kwamitin tarihi a taronta na bayan Sallah, kuma duk wanda aka naɗa, kujerarsa tana kan babban tebur, kusa da shugaban ƙungiya Alhaji Sabo, da sunansa rubuce a gabansa. Balarabe kuwa ya yi shekara da shekaru a bencin baya, gindin lasifika, inda ko lemon kwalba ba ya isowa sai ya yi zafi. Ya rantse wa kansa bana sai ya hau teburin nan.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Buba, wani mai shanu daga Zandam, da ɗan ƙaramin hoto da bai fi tafin hannu ba, ya yi ja saboda daɗewa, ƙasansa duk ya dusashe. A ciki ga kakansa, marigayi Manu, ya leƙo ta tagar wata doguwar mota, ya sha rawani yana muzurai.

Balarabe ya ɗora gilashi, ya rufe ido ɗaya, ya ƙura wa hoton ɗayan har sai da Alhaji Buba ya fara tsorata. Can ya ja numfashi.

"Alhaji, zauna. Kana da hawan jini?"

"A'a, Malam. Lafiya?"

"Wannan Rolls-Royce ce, ƙirar 1934. Kakanka ya hau abin da gwamna ma sai da alfarma yake gani."

"Ikon Allah! To, amma Malam, ni na ga kamar tayar gaba ta fi ta baya girma."

"Yauwa! A nan ilimi yake. A wancan zamani kamfani inji kawai yake sayar maka, da ƙarfen da ke ɗauke da shi. Gangar jikin kuwa sai ka kai wa maƙeri na musamman ya ƙera maka yadda ranka yake so. Kakanka ya san hanyar Zandam, shi ya sa ya ce a ƙara masa tayar gaba saboda yashi."

"Ƙofar fa? Ban ga mariƙi ba."

"Saboda ɓarayi ne. Mai ita kaɗai ya san inda ake taɓawa."

"Wannan tsuntsun da aka zana a jikinta?"

"Tambarin maƙerin ne. Alhaji, ka rubuta ka ajiye: wannan mota ba ta da ta biyu a duniya, kuma kakanka ne ya fara shigo da mota ƙasar Gwaram."

Alhaji Buba ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya aiko wa Farfesan Taya da ƙwaryar nono da man shanu, ya kuma yi alkawarin mutanen Zandam duka suna bayansa a ranar taro.

Labari ya isa Basirka. Ba a jima ba sai ga Malam Safiyanu, mai makarantar Islamiyya a can, ya yi sallama da nasa hoton a cikin ambulan.

"Malam Balarabe, na ji an ce ka ba Zandam mota. Mu kuma tun muna yara muke ganin wannan a ɗakin mahaifinmu. Kakanmu ne, Malam Aminullahi."

Gogan naka ya ɗora gilashi, sai ya ga abin da ya gani a hoton Zandam. Ga doguwar mota, ga tayar gaba ta fi ta baya, ga tsuntsu. Mutum mai hankali a nan zai ce a ba shi lokaci ya yi nazari. Amma Balarabe ya tuna Basirka ma tana da mutane a taron, kuma ya riga ya ce waccan ba ta da ta biyu.

"Allah ya gafarta Malam, wannan dabam ce. Bentley ce, ƙirar 1932. Ta girmi ta Zandam."

"Ashe mu ne farko?"

"Ku ne. Amma a bar shi tsakaninmu sai ranar taro."

Malam Safiyanu ya yi masa doguwar addu'a ya tafi. Balarabe ya zauna da farko guda biyu a hannunsa, alhali ƙasar Gwaram ɗaya ce. Ya yi tunani, ya samo dabarar da a ganinsa ta fi ƙarfin kowa: a ranar zai zuba musu Turanci da sunayen maƙeran Ingila har kowa ya ruɗe, kowane ɓangare ya tafi yana zaton shi aka yaba. Don abin ya ƙara armashi, ya kai hotunan biyu wani shagon buga takardu, ya ce a goge dusashewar da na'ura, a buga su a ƙaton ƙyalle irin na 'yan siyasa, kowanne ya kai tsayin ɗaki. Mai shago ya ce ya zo ya duba kafin a naɗe. Balarabe ya ce wanda ya haddace abu ba ya bukatar bita. Bai tsaya nan ba, ya sa aka yi shela cewa duk mai tsohon hoton mota ya zo da shi taro, masani zai duba kyauta.

Ranar taro filin makaranta ya cika. Mutanen Zandam a dama, na Basirka a hagu, mata a ƙarƙashin rumfa, manya a babban tebur. Balarabe ya sha babbar riga ya karɓi abin magana, ya yi rabin jawabinsa a kan kansa, sannan ya ɗaga hannu aka saki ƙyallayen biyu a jere.

Jama'a suka dubi wannan, suka dubi wancan. Sannan wani daga baya ya ce, "Kai, ai mota ɗaya ce!"

"Tagwaye ne!" in ji Balarabe da sauri. "Maƙeri ɗaya ya yi su, shi ya sa jini ya yi kama."

Alhaji Buba ya miƙe. "Malam, ba kai ka ce tamu ba ta da ta biyu ba?"

"A Turance na nufa, Alhaji."

Malam Safiyanu ma ya miƙe. "Ni kuma ka ce tamu ta girmi tasu. To, ga lamba ɗaya a jikinsu."

"A lokacin lambobi sun yi ƙaranci saboda shirin yaƙi, sai mutum biyu su yi tarayya."

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ya tsira da rabin mutuncinsa. Amma na'urar mai shago ta yi aikinta tsakani da Allah. Ƙasan hoton da ya dusashe ya fito tangaram, kuma a tsakanin tayoyin Rolls-Royce ga ƙafafun marigayi Manu a tsaye a kan ƙasa, cikin takalmin fata, har da kaushi.

"Malam masani," in ji Alhaji Sabo yana gyara tabarau, "ƙafafun can fa?"

Balarabe ya sake ɗora gilashi. "Ranka ya daɗe, wannan shi ne ƙololuwar gwaninta. Saboda zafin ƙasarmu, sai maƙerin ya bar ƙasan motar a buɗe, iska tana shiga."

"In tana gudu kuma fa?"

"Sai a ɗage ƙafa."

Dariya ta tashi a bencin baya. Wani ya nuna gefen ɗaya ƙyallen, inda yatsu huɗu suka fito sun riƙe ƙarshen Bentley, kamar mai tallafe faifai.

"Direba ne yana duba taya," in ji Balarabe.

A ƙarƙashin rumfa kuwa tsofaffin mata sun riga sun kwanta a jikin juna. Shelar da ya sa aka yi ta isa gare su, kuma kowace ta zo da nata ƙulle a bakin zane. Ɗaya ta ɗaga na mijinta, wata na yayanta, wata nata ita da ƙawarta da tasoshin tallarsu a ka. Duk a mota ɗaya, duk da tsuntsun. Wata ta ɗaga murya ta ce ai allon katako ne na wani mai hoto da yake zagaya kasuwanni da Sallah suna 'yan mata, ya yi masa fenti ya huda taga, kowa ya tsaya a baya a ɗauke shi.

Alhaji Buba ya cire hula ya mayar. Malam Safiyanu yana ta istigfari. Amma Farfesan Taya ya buga ƙafa.

"Ranka ya daɗe, da ilimi ake magana, ba da hirar rumfa ba! Ni na ce mota ce mai inji!"

Alhaji Sabo mutum ne mai son adalci, mai kuma son nishaɗi. Ya ce, "To, Malam Balarabe, ga kujera nan babu kowa a kanta. Ga hotuna sun taru. Nuna mana shaida ɗaya tak cewa abin nan yana da inji, ka hau yanzu."

Aka tattaro hotunan aka zube masa a tebur. Ya shiga bin su da gilashi, har ya iso kan wani da wata tsohuwa ta miƙo daga baya. Wani ƙaton jariri ne tsirara a tagar motar, ya wage baki yana tsala ihu, an tallafe shi ta baya. A ƙasa kuwa, tsakanin tayoyin, ga wani baƙin tabo ya malale a kan yashi.

Idon Balarabe ya kawo haske. Ya fizgi abin magana.

"Allahu Akbar! Jama'a, gaskiya ta yi halinta! Ku dubi ƙarƙashin motar nan! Baƙin mai ne ya tsiyaya! Katako yana zubar da baƙin mai? Wannan yoyo sananne ne a injin 1934, duk masanan duniya sun yi ittifaƙi a kansa. Ku manta da wannan mummunan yaro mai kai kamar tulu, da gani ɗan barorin gidan ne aka ɗora. Ku dubi man! Ni daga nan ma ina iya gane irinsa, mai kauri ne, ɗan Ingila!"

Ya juya ya nufi kujerar, har ya kama bayanta.

Sai tsohuwar da ta miƙo hoton ta dogaro sanda ta fito fili. Gwaggo Hafsat ce, ƙanwar mahaifin Balarabe, wadda ta zo daga Gwaram tun da safe bai ko je ya gaishe ta ba. Ta karɓi abin magana ta hura shi sau biyu.

"Ana ji na? Balarabe, saki kujerar mutane. Mummunan yaron nan kai ne. Ni na tallafe ka, ga ƙafata nan. Mai hoto yana shiga cikin baƙin ƙyallensa ka tsorata ka saki abin da ka saki. Ba daga Ingila ya zo ba, kunun da na ba ka ne. Zanen Sallata ka ɓata, har yau ban manta ba."

Mai karatu, ban san yadda zan kwatanta maka abin da ya biyo baya ba. Zandam da Basirka, da suka zo da niyyar faɗa, suka rungumi juna suna hawaye saboda dariya. Alhaji Sabo ya kifa kansa a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Kujera dai aka ba wani tsohon hedimasta da bai ce uffan ba tun da aka fara taro.

Balarabe ya sulale ta bayan rumfa ya tsayar da ɗan acaɓa, ya ce a kai shi tasha. Ɗan acaɓan, wanda ya ji komai ta lasifika, ya dube shi sama da ƙasa, ya sauka a natse ya shimfiɗa leda a kan kujerar babur.

"Hau, Baba," in ji shi. "Amma in injin zai fara yoyo, don Allah ka yi mini magana in tsaya."